Ranar da Na Ɓoye Yayana a Rumbu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sa yayana ya shiga rumbu na janye tsani, ko da Allah zai ja kwanana in kai ɗari. Yana raye ban taɓa ba da labarin ba, shi ma bai taɓa bayarwa ba, ko da yake a garinmu babu wanda bai sani ba. Yanzu an yi sadakar arba'in ɗinsa, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, zaure ya yi mini faɗi. Na ga gara in faɗa da bakina, kafin wani mai tausayi ya faɗa ya rage mini laifi.

Sunansa Ilu. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Auta yake ce mini har na yi furfura. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ba shi da hannun dama, daga wuyan hannu ya guntule. Injin niƙa ne ya cinye shi a cikin Daura, lokacin yana saurayi, yana aikin niƙa don ni in samu in zauna a kwalejin horon malamai. (Wato a kan karatuna hannun ya tafi. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya tsaya nema mini uzuri.) Da ya warke sai ya koma harkar dabbobi: ya saya a kasuwar Mai'adua, ya bi babbar mota zuwa Ikko, ya sayar ya dawo. Da hagu da haƙori yake ɗaure rago, ɗaurin da ni mai hannu biyu ban iya ba. A garinmu ba mai ganin dungun nan. Mun saba da shi kamar yadda aka saba da kukar bakin kasuwa.

Sai aka shigo da Shari'a. In gaskiya za a bi, abin da ya sauya a ƙauyenmu bai taka kara ya karya ba. Mutum ɗaya da ke sayar da abin sha a bayan tasha ya kwashe kwalabensa ya tsallaka iyaka, masu sha suka riƙa binsa a babur. 'Yan karta suka bar gindin tsamiya suka koma cikin kwari. Masallaci ya ƙara sahu biyu na ɗan lokaci, sannan ya koma yadda yake. Shi ke nan.

Amma ba haka jaridu suka gani ba. Ina koyarwa a firamare lokacin, hedimastanmu kuma in ya shiga Daura yakan zo da jaridun Turanci na kudu, wani lokaci har da mujallar ƙasar waje da ta kwana biyu. Ni ne mai karanta su a ofis, saboda an ce na fi kowa Turanci (a rashin uwa ne dai aka yi uwar ɗaki). Duk shafin da ya ambaci Arewa hotonsa iri ɗaya ne: bulala, wuƙa, gemu, sai wani mutum ya wangale baki yana ihu. Na daɗe ina mamakin inda suke samo masu wangale bakin nan, domin mu nan ba a buɗe baki haka sai in hamma ta zo. Kuma tun da aka ce an yanke wa wani hannu a wata jiha, ya zama kamar kowane gari na Arewa sai an yanke hannuwa da safe kafin a sha koko.

Da farko ina karantawa ina tsaki. Daga baya na fara karantawa ina waiwaye. Sai in fito daga ofis in ga gemun Liman ya ƙara tsawo, in ga wuƙar sarkin fawa ta ƙara ƙyalli. Mutanen da na tashi a gabansu, na koma ina kallonsu da idon wanda bai taɓa shan ruwan garinmu ba. Yaya ma ya fara dawowa daga Ikko da labari. Ya ce yanzu in ya shiga motar haya, na kusa da shi sai ya kalli hannun, ya kalli hular, sannan ya dafe aljihu. Cikin raha yake faɗa a majalisa, ana dariya. Ni kaɗai ba na dariya, domin ni na san abin da ake rubutawa.

Ran nan dagaci ya aiko kirana. Ya ce saƙo ya zo daga sakatariyar ƙaramar hukuma, 'yan jarida biyu za su zo ran Laraba su ga yadda mutanen ƙauye ke zaune a ƙarƙashin Shari'a, ni zan yi tafinta. Shi a ganinsa abin da ake bukata tabarma ce da fura da kaza biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba fura suke nema ba. Sai an yi wa garin gyara." Ya dube ni, ya ce in je in gyara, amma kada in rushe wa kowa katanga.

Kwana uku ina gyara. Na tattara bulalan makaranta na cusa a bayan kabad. Na roƙi ladan ya rage ƙarar lasifika. Na ce wa sarkin fawa ran Laraba ya sa wuƙaƙensa a buhu, ya tambaye ni ko da haƙori nake so ya yi fiɗa. Na roƙi Liman in baƙi sun gaishe shi ya ɗan saki fuska, ya ce da fuskar nan aka haife shi, in ina da wata a gida in aro masa. Har masu gemu na tsara musu wurin zama, masu dogon gemu a baya, masu gajere a gaba. Duk wannan ina yi ina ganin kaina mai kare martabar addini.

Saura abu ɗaya, kuma a gidanmu yake.

Ran Talata da yamma muna cin tuwo na kawo wa Yaya shawarar ya je garin Babban Mutum ya gaida surukansa, an kwana biyu. Ya ce makon jiya ya dawo daga can, in ya sake zuwa za su ɗauka abinci ya ƙare a gidansa. Na ce to gobe ya sa babbar riga, ya bar hannun a ciki. Ya ce a wannan bazarar? Bai tambaye ni dalili ba, ya ci gaba da cin tuwonsa. Matarsa Hansai, wadda wasa ke tsakaninmu tun tana amarya, ta leƙo daga madafa ta ce ɗan boko ya gama gyara gari ya shigo gida, in gaya mata tun yanzu ko ita ma za ta goge tsagar fuskarta kafin gobe.

Abin da nake tsoro a fili yake: Bahaushe, da hula, hannun dama guntu, a garin Shari'a. Ba sai sun tambayi kowa ba. Za su ɗauki hotonsa su rubuta ɓarawo a ƙasa, duniya ta gani. Sunan Yaya kuwa shi ne jarinsa, mutane kan ba shi dabbobinsu ya tafi da su Ikko ba takarda ba shaida. Niyyata ke nan, Allah ya sani. Hanyar da na bi ce ba ta mutane ba.

Rumbunmu na ƙasa ne, dogo, yana fili a bayan gida tare da na maƙwabta. Ta sama ake shiga. Akwai dogon tsani na waje, akwai gajere da ake zurawa ciki in hatsi ya yi ƙasa, da bazara kuwa ya yi ƙasa sosai. Kuma a gidanmu, kamar sauran gidaje, ba mai shiga rumbu sai maigida, ko matarsa ba ta san abin da ya rage ba. Ni aikina in hau in riƙe masa tsani. To ran Laraba da hantsi, da na ji an ce motar baƙi ta baro kwalta, sai na je na ce wa Yaya na ga gara ta yi hanya a gindin rumbu. Manomi in ka ce masa gara, ba ya tsayawa neman takalmi. Muka hau, ya sauka ciki, ya duƙa yana ɗaga dammunan gero. Na miƙa masa gorar ruwa na ce akwai zafi (kun ga ba za a ce ba ni da imani ba). Sannan na zare gajeren tsanin a hankali, na mayar da murfin ciyawa, na bar 'yar kafa don iska. Na ce, "Yaya, ina zuwa." Bai amsa ba.

A lissafina abin awa ɗaya ne. Na sauka na jefa gajeren tsanin cikin ciyawa, na ruga na sa kwat ɗin da na aro. Dogon tsanin kuwa na bar shi jingine inda yake. Duk karatun da na yi a kwaleji bai tuna mini da shi ba.

Baƙin biyu ne: wani dogon Bature da rana ta mayar da shi ja, da kyamara a wuya, da wani ɗan Ikko mai littafin rubutu. Ba su da rashin kunya, in faɗi gaskiya. Sun gaisa, sun sha fura, Baturen har ya ƙara. Amma tambayarsu ɗaya ce, riga kawai suke sauya mata. Ina ake yin bulala? Wace rana? Mutum nawa aka yanke? Ko za a iya ganin wuƙar? Dagaci ya ce in gaya musu rabon da a kawo ƙara gabansa tun rigimar jakin da ya ci wake, ita ma sulhu aka yi. Na fassara. Ɗan Ikko bai rubuta ba.

Na kai su makaranta, na nuna musu 'yan mata a aji, na kai su famfon burtsatse. Kyamara tana rataye kamar laya. A bakin famfon ɗan Ikko ya tambaya ko a nan mace tana da ikon ɗaga murya a gaban namiji. Kafin in haɗa Turancina sai ga Hansai da tulu. Ta durƙusa ta gaida dagaci, ta gaida Liman, sannan ta miƙe ta juyo kaina. "Kai ɗan boko, ina ka kai mini maigida? Kokonsa ya huce, mai sayen rago yana zaure tun ɗazu." Suka tambaye ni me ta ce. Na ce barka da zuwa take yi musu. Ɗan Ikko ya kalli fuskarta, ya kalli tawa. Wannan ma bai rubuta ba.

Awa ɗaya ta zama biyu. Na ga sun fara duba agogo, hankalina ya fara kwanciya, har ina yi wa kaina barka, gari ya fita kunya. Muna hanyar komawa mota sai Baturen ya hango rumbuna. Ya tsaya. Ya ce bai taɓa ganin gini mai kyau irin wannan ba, ko ba komai ya samu abin da zai koma da shi. Na ce akwai waɗanda suka fi su kyau a garin Dutsi. Na ce akwai macizai. Na ce al'adarmu ba ta yarda baƙo ya matsa kusa ba. Dagaci da ya ga ina tare hanya ya tambayi abin da na ce, da na faɗa masa ya ce yaushe aka yi wannan al'adar ba a sanar da shi ba. Rumbu ya kai goma a filin nan. Ɗaya ne kaɗai aka jingina wa tsani.

Ina tsaye ina kallo ya hau, ya ture murfin, ya leƙa. Hasken rana ya faɗa ciki gaba ɗaya. Mutumin da ya yi awa biyu a duhu, me zai yi in ba ya kare idonsa ba? Hagunsa kuma tana riƙe da gora, saboda haka dama ya ɗaga. Daga ƙasa nake jin kyamarar tana ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar kaza ta samu tsaba. Duk abin da ba ta ci ba tun safe, a nan ta rama.

Ni na je na ɗauko gajeren tsanin daga cikin ciyawa, a gaban jama'a, ba wanda ya nuna mini inda yake. Wannan kaɗai ya isa shaida. Yaya ya fito rigarsa sharkaf, ƙaiƙayi a gemu da gira. Ya sauko a hankali, ya gaida dagaci, ya gaida Liman, ya juya ga baƙi ya yi musu sannu da hanya, ya tambayi mutanen gida. Ni bai kalle ni ba. Abin da ya ƙara kawai, kuma ba ga kowa ya faɗa ba, shi ne babu gara.

Ɗan Ikko ya buɗe sabon shafi, ya ce in tambaye shi me ya sata. Na juya na ce wa Yaya suna tambayar yaya ƙarfin jiki.

"Auta," ya ce, "faɗi abin da ya faɗa. Kalmar nan na san ta, a Ikko na koye ta."

Na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ba su labarin injin, da unguwar da yake, ya ce mai injin yana nan da ransa, in suna so a kai su, ba nisa. Ina fassarawa ina kallon biron ɗan Ikko. Bai motsa ba. Sai ya nuna rumbun da biron, ya ce to in haka ne me ya sa aka ɓoye shi, kuma wa ya ɓoye shi? Na juya zan fassara.

"Wannan ba ta bukatar tafinta," in ji Yaya. "Amsa musu."

Ban san Turanci yana da nauyi ba sai ran nan. Na tsaya cikin kwat ɗin aro, gari duk ya taru, masu dogon gemu sun baro bayan da na ajiye su sun dawo gaba, na ce ni ne. Na ce ƙanensa ne ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce na ɓoye shi ne don kada su ga hannun su rubuta abin da ba shi ba ne. A nan biro ya kama gudu. Dagaci ya ce tunda na gaya wa baƙi, in maimaita wa mutanen gari da Hausa. Na maimaita. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Hansai ce kaɗai ta yi magana, ta ce wa mijinta ya zo ya sha ruwa mai sanyi, ta wuce ta gabana kamar ta wuce turmi. Wasan da ke tsakaninmu bai dawo ba sai bayan shekara.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki Yaya ya bi mota zuwa Ikko. A kasuwar dabbobi wani mahauci da suka yi shekaru suna ciniki ya ja shi gefe ya buɗe masa jarida. Yana dawowa ya miƙo mini ita a ninke, ya ce in karanta masa, tunda ni ne mai karatu. Hoton ya cinye rabin shafi: Yaya a ƙasan rumbu, ya ɗaga dungu, ido a runtse, baki a buɗe (ashe ga inda ake samo su). A ƙasa an rubuta cewa wani mai yankakken hannu ne a ƙasar Shari'a, wanda danginsa suka ɓoye a rumbu don kada duniya ta gani. Na karanta sau uku ina neman ƙaryar da zan kama. Babu. Ba su ce ya yi sata ba, ba su ce alƙali ne ya yanke ba. Injin kawai suka manta, sauran suka bar wa mai karatu ya ƙarasa.

Mai karatu kuwa ya ƙarasa. Mahautan da suka san shi shekara da shekaru suka fara tsayawa a kansa in ya matsa kusa da dabbobinsu. Wadda ta fi ƙona masa rai wata mai sayar da abinci ce da ta gane shi daga hoton, ta biyo shi da hawaye ta miƙa masa sadaka, tana cewa ko ɓarawo ne bai kamata a yi masa haka ba. Ya sake zuwa sau biyu, daga nan ya daina. Ya tsaya iya Mai'adua, inda kowa ya san injin. Ya ce tsufa ne, hanya ta yi masa nisa. Mutumin da lokacin ko hamsin bai kai ba.

Sai da damina ta faɗi na iya buɗe baki. Muna shuka a gonar bayan gari, ni ina sara da sungumi, yana bina yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Na tsaya na ce ya yafe mini. Bai daina zuba irin ba.

"Na yafe tun ina ciki," ya ce. "Kana zare tsanin na gane, shi ya sa ban yi kira ba, kada in ɓata maka aiki. Su baƙi ne, Auta, abin da aka aiko su nema suka nema. Ni dai shekara ashirin ina yawo da hannun nan, ban san abin ɓoyewa ba ne sai da ka nuna mini. Ci gaba, ƙasa na bushewa."

Na ci gaba da sara. Har muka tashi ban ɗago kai ba.

Dagaci bai sake nemana tafinta ba, ya ce gara baƙo ya tafi bai ji komai ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, kuma wani ne ya biya mini. Mutanen nan sun yi tafiyar kwana biyu neman abin da garinmu ba shi da shi, har sun haƙura sun nufi mota, ni mai kare mana mutunci na ƙera musu shi da hannuna biyu. Su ba su san mu ba, wannan uzurinsu ne. Ni da na san mu, na karanta su har na yarda. Wanda ya yi niyyar yi maka ƙarya zai yi, ko ka yi shara ko ba ka yi ba. Abin da ya rage gare ka shi ne kada ya zama kai ne shaidarsa. Jarida har yanzu ina karantawa, amma in na gama nakan fita ƙofar gida in gaisa da mutum biyu uku, kafin in yarda da abin da aka ce mu ne.